Cinikin biri a sama: me ke sa aiki ya yi kyau ko ya watse a su Upwork da Fiverr

Akwai wani aiki da na taɓa karɓa shekarun baya wanda har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Fassara ce daga Turanci zuwa Hausa, saƙonnin wata manhajar waya ta adashe da ajiyar kuɗi, kalmomi wajen dubu huɗu, mai ba da aikin yana can Turai. Abin da ya rubuta a tallan bai wuce layi uku ba, yana son mai jin Hausa ya fassara masa cikin kwana biyar, shikenan. Na zauna na yi aikin nan tsakani da Allah, na duba na sake dubawa, na miƙa tun ana saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Bayan sati sai ga saƙo, wai mutanensu da suka gwada manhajar sun ce Hausar ba tasu ba ce. Ashe a Maraɗi da Damagaram za a yi amfani da ita, ni kuma na zuba musu Hausar Kano da lissafin kuɗi irin namu, alhali can in ka ce jikka sefa dubu ake nufi, in ka ce dala sefa biyar kenan ba kuɗin Amurka ba, ga kuma 'y da na yi ta rubutawa su ƴ suke sawa a nasu rubutun. Bai gaya min ba, ni ma ban tambaya ba.

Tun daga nan nake ta juya maganar a raina, wai mene ne ainihin abin da ke sa aiki ya fita lafiya a irin waɗannan dandalin na intanet, su Upwork da Fiverr, inda ake haɗa mai ba da aiki da wanda zai yi masa. In ka tambayi matasanmu masu shigowa harkar yawanci za su ce maka ƙwarewa ce, ka iya aikinka kawai komai zai biyo baya. Toh ƙwarewa kam dole ce, wanda bai iya ba ai babu ma maganarsa. Amma ni a wancan aikin na iya fassara, kuma aikin ya lalace. Abin da na gani a nawa da na abokaina shine yawancin ayyukan da suka watse tun a wajen ciniki suka watse, kafin a taɓa kwamfuta, kuma rabin laifin ko rabin ladan yana wuyan mai ba da aikin ne, wanda shi ba a cika dubawa ba sam.

Ka fara duba yanayin kasuwar kanta. In ka kai ɗinki wajen telan unguwarku ka san shagonsa, ka san gidansu, ka ga rigar da ya ɗinka wa maƙwabcinka, in ya ɓata maka yadi ka san wanda za ka kai wa ƙara. A intanet babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mutum yana zaune a Amurka, inda mafi yawan masu ba da aikin suke, ya rubuta abin da yake so, kafin ya gama shan shayi mutum hamsin sun turo masa neman aikin daga Indiya da Bangladesh da Pakistan da Filifin da Kenya da Najeriya, kowa yana cewa shi gwani ne. Bankin Duniya a rahoton da ya fitar a 2023 ya ƙiyasta masu irin wannan aiki na intanet tsakanin miliyan 154 zuwa 435 a duniya, kaga ko ƙaramin adadin ka ɗauka taro ne mai ban tsoro. Mai aiki bai san ko za ka iya ba, kai ma ba ka san ko zai biya ba, ko kuma irin mutanen nan ne da ba a taɓa gamsar da su. Cinikin biri a sama kenan, ta ɓangare biyu.

Duk abin da kamfanonin nan suka ƙirƙiro, in ka lura, ƙoƙarin sauko da birin nan ne ƙasa. Upwork, wanda asalinsa kamfani biyu ne Elance da oDesk suka haɗe sannan suka ɗauki wannan sunan a 2015, a aikin jinga yana sa mai ba da aiki ya zuba kuɗin a hannunsu tun kafin ka fara, kamar kafin alƙalami da aka damƙa wa dillali amintacce, in ka miƙa aiki ya yi shiru har kwana 14 sai a sakar maka kuɗinka. Fiverr da aka kafa a Tel Aviv a 2010 ya juya tsarin, kai ne kake baje hajarka da farashinta mai saye ya zo ya zaɓa, da farko komai dala biyar ne shi ya sa ma aka sa masa sunan, suna cire la'adarsu kashi 20, in ka miƙa aiki mai saye bai ce uffan ba har kwana uku an rufe ciniki. Freelancer.com na Ostireliya shi har gasa ake sawa, mutane da yawa su yi aikin a zaɓi ɗaya a biya. Waɗannan duk sun rage tsoron a cinye maka kuɗi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai ajiyar kuɗi ba ta gaya wa kowa Hausar Kano ake so ko ta Damagaram.

Sai taurari, wato makin ɗaya zuwa biyar da mai ba da aiki ke danna maka in an gama aiki. Nan ne nake so mu ɗan daɗe, don mutane sun ɗauki taurari biyar a matsayin shaidar aiki ya yi kyau, alhali abin da suke aunawa shine yadda ran mai aiki yake a lokacin da aka ce ya danna, da kuma abin da yake ganin zai iya faɗa a bainar jama'a. Wasu masu bincike uku, Apostolos Filippas da John Horton da Joseph Golden, sun bi bayanan wata babbar kasuwar aiki ta intanet, suka ga cikin shekara shida kacal waɗanda ake ba cikakkun taurari biyar sun tashi daga kashi 33 zuwa kashi 85 cikin ɗari. Wani ɓangare na wannan tashin mai yiwuwa aiki ne ya inganta, amma babban ɓangare kara ce kawai. Mai aiki ya san in ya ba ka uku ya taɓa maka abinci, shi kuma ba ya son ɗaukar alhaki, sai ya danna biyar ya tafi ba zai ƙara dawowa ba. Sun ma ga masu aiki da a ɓoye suka ce ba za su sake ɗaukar mutumin ba, amma a fili sun ba shi huɗu ko biyar. Mu Hausawa wannan ba baƙon hali ba ne a wajenmu, magini ya karkata maka katanga ka ce sannu da aiki Allah ya saka, sai bayan ya tafi ka gaya wa ɗan uwanka kar ya kuskura ya kira shi.

Kamfanonin sun gane haka, shi ya sa suka koma tambayar mai aiki a asirce. A Upwork bayan taurarin da kowa ke gani akwai tambayar da ake masa shi kaɗai, daga sifili zuwa goma nawa zai iya tallata ka ga wani, kuma wannan amsar tana shiga makin da suke kira Job Success Score, tare da wasu abubuwa kamar ko mutum ya daɗe yana aiki da kai da kuma girman kwangilar. Sai ka kai kashi 90 kafin a yi maganar ba ka tambarin Top Rated. Fiverr ma a 2024 sun kawo nasu makin nasarar mai kama da haka. Shi ya sa za ka ga ɗan uwa yana kuka wai duk taurarinsa biyar ne amma makinsa ya faɗi, yana ganin zalunci aka yi masa. Sau da yawa abin da ya faru shine an yi masa kara a fili an faɗi gaskiya a ɓoye. Ni a ganina wannan tsarin ya fi kusa da gaskiya, ko da yake yana da zafi, don mutum ba ya sanin inda ya kuskure balle ya gyara, kuma wannan gibi ne babba da ya kamata a ce an toshe shi.

Duk da kumburin da taurari suka yi, rashinsu gaba ɗaya ya fi muni. Wata malamar tattalin arziki a jami'ar Harvard, Amanda Pallais, ta yi wani gwaji a oDesk wanda aka buga a 2014, ta ɗauki mutum 952 ta hanyar ƙuri'a daga cikin masu neman aikin shigar da bayanai, aikin awa goma, ta rubuta musu shaida, wasu gajeriya wasu dalla-dalla. Sabbin da ba su taɓa samun aiki ba, wannan ɗan aikin kaɗai ya sa suka fi takwarorinsu samun ayyuka da kuɗi daga baya, kuma shaidar dalla-dalla ta ƙara ɗaga waɗanda suka yi da kyau. Awa goma ai ba ta koya wa mutum wata sana'a, kenan da ma sun iya, kasuwa ce ba ta sani ba. Wasu kuma, Christopher Stanton da Catherine Thomas, suka ga sabon da ya shiga ƙarƙashin wata ƙungiyar ma'aikata da ta riga ta yi suna ya fi saurin samun aikin farko, kuma irin waɗannan ƙungiyoyin yawanci mutane ne da suka san juna a zahiri, gari ɗaya ko makaranta ɗaya. Daidai da yadda ake kai yaro Kantin Kwari wani babba ya ce na tsaya masa. Abin da wannan ke nuna min game da nasarar aiki shine mai aiki in ya bi tarin taurari kawai yana iya tsallake wanda ya fi dacewa da aikinsa, mai taurari dubu a zanen tambari ba lallai ya iya tsara littafin yara ba, amma shi za a ba don lambarsa ta fi cika ido.

Toh yanzu ga inda nake ganin gizo ke saƙar, wato bayanin aikin. Na taɓa zama mai ba da aiki ni ma, ina son a zana min tambari na wata 'yar sana'a da muka fara da ƙanwata, na rubuta cewa ina son abu mai kyau na zamani mai nuna al'ada. Yaron da na ɗauka ya kawo kala uku duk ban so ba, ya sake uku ban so ba, sai a nan na gane ni kaina ban san abin da nake so ba, ina jira ne in gani a hannunsa sannan in sani, kuma lokacinsa nake ƙonawa kyauta ina wannan laluben. Na biya shi ƙari na ba shi haƙuri, amma abin ya tsaya min. Masu aiki da yawa haka suke, musamman sabbi waɗanda ba su taɓa ɗaukar kowa ba, suna da hoto a kansu wanda ba su iya faɗa ba, ko kuma ba su da shi sam. Wani kuma shi ba shi ne mai yanke hukunci ba, akwai oga a samansa da bai taɓa ganin tallan ba, sai ka gama komai sannan ogan ya leƙo ya ce ba haka ba.

Ayyuka kuma ba ɗaya ba ne ta wannan fuskar. Akwai wanda ma'auninsa a fili yake, a ba ka sautin hira na awa ɗaya ka mayar rubutu, ko ka rubuta abin da aka faɗa ko ba ka rubuta ba, gardama kaɗan ce. Akwai wanda ma'auninsa yana cikin zuciyar mai shi, zane, rubutun talla, muryar da za a ɗora a bidiyo. Akwai kuma mafi haɗari, wanda shi mai aikin ba zai iya tantance ingancinsa ba ko da ka miƙa masa, kamar fassara zuwa harshen da ba ya ji ko manhajar da sai bayan wata uku matsalarta za ta fito. A irin wannan na ukun taurari ba sa nufin komai game da aikin, Baturen da ba ya jin Hausa in ya ba ka biyar saurin amsa saƙonka da ladabinka ya yaba, kuma wallahi na ga fassarar Hausa a wasu manhajoji da takardun faɗakarwa na lafiya da in ka karanta sai ka riƙe baki, an biya kuɗi an ba da taurari an rufe, talakan da aka yi domin shi bai gane komai ba. Wannan a littafin dandali aiki ne da ya yi nasara. Shi ya sa duk lokacin da aka ce min wai kashi kaza na ayyuka sun yi nasara nake tambaya, a wajen wa.

Mai aikin da ya goge za ka gane shi daga tallansa. Zai gaya maka su waye za su yi amfani da abin, ya nuna maka misalin wanda ya burge shi da wanda bai so ba, ya faɗi sau nawa za a yi gyara, ya raba aikin gida-gida yadda in an kauce hanya za a gane tun a matakin farko. Wasu ma sai sun ba mutum uku ɗan ƙaramin gwaji sun biya kowa sannan su zaɓa. In ka samu irin wannan ko kai matsakaici ne aikin zai fita. In kuwa ka haɗu da mai layi uku, toh aikin rubuta bayanin ya dawo kanka, kai ne za ka zauna ka yi ta tambaya har hoton da ke kansa ya fito fili, sannan ka rubuta masa ga abin da na fahimta ga abin da zan kawo ga abin da ba ya ciki, ya ce eh a rubuce. Na san ana jin tsoron yawan tambaya kar a ce ba ka iya ba, ko kafin ka gama tambaya wani ya ce zai yi a rabin kuɗin ya wafce. Yakan faru kuwa. Amma wanda ya gudu saboda an yi masa tambaya biyar, da ma da rigima za ku rabu.

Sai maganar jinga ko awa, wadda manoma da magina sun riga mu saninta. In ka ba mutum jingar gona zai yi sauri ya gama don ya kama wata, sai ka bi bayansa ka duba ko ya bar ciyawa. In kuma na yini ne zai yi a tsanake, wani lokacin tsanakin ya yi yawa. Haka yake a nan. A jinga duk abin da ya ƙaru a kan ma'aikaci yake, shi ya sa kalmar nan ta ɗan ƙara min wannan ƙaramin abu ne take kashe aiki, yau ƙarami gobe ƙarami, kafin ka farga aikin kwana uku ya zama na sati uku a kuɗin kwana uku, rai ya ɓaci hannu ya yi sanyi, inganci ya zube. A na awa kuma haɗarin a kan mai aiki yake, shi ya sa Upwork ya sa manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfutarka sau ɗaya a kowane minti goma tana kuma ƙirga motsin madannai. Tana hana ƙaryar awa, gaskiya ne, amma ba ta ganin tunani, mai fassara da ya yi minti ashirin yana neman kalmar da ta dace a wajenta zaman banza yake. Abin da na gani dai, aikin da aka san iyakarsa jinga ta fi masa, wanda kuma sai ana tafiya ake gane shi awa ta fi, kuma rigima da yawa daga saka aiki a rigar da ba tasa ba take tasowa, a ɗauki abin da ba a san ƙarshensa ba a yanka masa farashi ɗaya.

Farashin ma kansa yana da hannu. Neman aiki a Upwork ba kyauta ba ne, sai ka kashe abin da suke kira Connects wanda da dala ake saye, ga mutum hamsin kuna layi, sai zuciya ta ce karya kuɗin kawai ka samu shiga. Wanda ya fi kowa karya farashi kuwa sau da yawa shine wanda ya fi kowa rashin gane girman aikin, sai ya shiga ya ga ashe rijiya ce, daga nan ko ya yi aikin shashasha ko ya ɓace. Mai aiki ya yi murnar araha, ƙarshe ya biya sau biyu. Araha ba ta ado, an daɗe da faɗa. Ga mu nan kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta yi tsada, dala ashirin sai ta yi kama da kuɗi mai yawa a ido, mutum ya manta da la'adar dandali da kuɗin cirewa ta kamfanin tura kuɗi na Payoneer ko banki da data da man janareta, da kwanakin da zai jira kafin kuɗin su nuna.

Abin da karya farashi ke haifarwa shine halin telan sallah. Tunda kowane aiki ba ya biya sosai sai a tara da yawa, a karɓi na wannan a karɓi na wancan, kowa an ce masa Alhamis. Daga nan sai a fara miƙa wa yara a bayan fage ba tare da mai aiki ya sani ba, shi ya ɗauki gwani mai taurari amma wanda ya yi aikin ɗan koyo ne da aka ba kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin. Raba aiki ba laifi ba ne in an faɗa kuma babban ya zauna ya duba kafin ya miƙa, ai haka kowane shago ke tafiya. Ɓoyewar ce matsala. Haka masu saye ko hayar akawun na wata ƙasa don a ɗauka su Turawa ne, na san dalilin, akwai masu aikin da in suka ga Najeriya a firofayil ko buɗe saƙonka ba za su yi ba kuma wannan yana da ciwo, amma ranar da aka ce a kunna kyamara a yi magana ko a tantance katin shaida, aikin da kuɗin da ke ciki duk sun tafi, kuma an ƙara ɓata wa na baya suna.

Magana tsakani kuwa, ita ce take riƙe da aikin bayan an fara. Tsakaninmu da New York awa biyar ne ko shida gwargwadon lokacin shekara, Kalifoniya takwas ko tara, kenan tambaya ɗaya in ba ka yi ta a kan kari ba ta cinye maka yini guda cur. Amma abin da ya fi nisan awa illa shine shiru. Muna da wata kunya da a gida ado ce, ba ma son cewa babba ban gane ba, ba ma son kai mummunan labari, in abu ya kakare sai mu yi shiru muna fatan mu gyara kafin a lura. Mai aikin da ke can ba ya ganin fuskarka balle ya karanta, shi shirun kwana biyu a wajensa alama ce ta an gudu da aikinsa. In ka ce masa tun ranar Litinin abin nan zai kai Asabar ba Alhamis ba ga dalili, mafi yawansu za su ce ba komai. In ka bari sai daren Alhamis, ko aikin ya fi kowane kyau ya riga ya yanke hukunci a kanka, kuma a wancan akwatin na asiri zai rubuta shi. Su ma masu aikin akwai gwanayen shiru, ka tura tambaya a yi kwana huɗu ba amsa sannan a dawo ana neman aiki gobe, kuma agogon dandali kai yake ƙirga wa latti ba shi ba.

Wuta da netwok ba sai na ja ba, duk wanda ke aiki daga Kano ko Kaduna ko Zinder ya san su. Abin da zan ce kawai, mai aiki ba ya sayen uzuri, don haka wanda ya daɗe a harkar yana sa su cikin lissafi tun wajen yanka wa'adi, aikin kwana uku ya ce biyar, ya tanadi layi biyu na kamfani daban-daban, in hali ya yi ya haɗa ɗan sola ko da na cajin laftof ne kawai.

Akwai dalilin da ya sa aiki na biyu da mutum ɗaya kusan kullum ya fi na farko sauƙi da kyau. Duk wahalar nan da na lissafa ta rashin sani ce, kuma a aiki na biyu an riga an biya kuɗinta, ka san in ya ce gajere me yake nufi, ya san in ka ce Laraba Laraba ce. Har bincike an yi a oDesk aka ga Indiyawa mazauna waje sun fi karkata ga ba 'yan Indiya aiki, kuma ba abin mamaki ba ne, mutum yana neman inda zai yi bayani kaɗan a gane shi da yawa. Wannan ya ƙara nauyi tun fitowar ChatGPT, manhajar nan mai rubutu kamar mutum, a Nuwamban 2022. Wani bincike da aka yi a kan Upwork ya ga masu sana'ar rubutu sun rasa kimanin kashi 2 na yawan ayyuka da kusan kashi 5 na kuɗin shiga a watannin da suka biyo baya, kuma tarin taurari bai kare manyan ba. Mu masu fassara mun ga namu salon, yanzu sai a turo maka abin da inji ya fassara a ce ɗan dubawa kawai za ka yi a ba ka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, alhali wani lokacin gyaran ya fi sabon aiki wuya, don Hausar inji takan zo da kalmomi daidai amma ginin jimlar na Turanci ne. Ga kuma tallan aiki da inji ya rubuta, masu nema su ma inji ya rubuta musu, shafi guda na Turanci mai santsi ta kowane ɓangare amma babu wanda ya faɗi abin da yake so ko abin da zai iya. Da can kyan rubutun neman aiki yana ɗan nuna wanda ya karanta tallan ya fahimta, yanzu wannan alamar ma ta raunana, sai tambayar da mutum ya yi ce take nuna ko ya gane aikin.

Shi wancan mai manhajar adashen, da muka yi magana ta bidiyo na gane bai ma san akwai bambanci tsakanin Hausar Najeriya da ta Nijar ba, a tunaninsa Hausa ɗaya ce kamar yadda ya gani a jerin harsuna. Muka raba asarar, ya ƙara rabin kuɗi ni kuma na nemo wani ɗan uwa ɗan Damagaram da muka yi karatu tare, na biya shi daga nawa, muka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya muna canza lissafin kuɗin da kalmomin da can aka saba ji daga Faransanci, ya ɗauke mu ƙarin kwana tara. Taurari huɗu ya ba ni, kuma sai da na yi wata wajen huɗu ina ƙananan ayyuka kafin makina ya koma inda yake.